Malam Nu'uman da Jadawalin da Ya Ƙi Motsi

Ina da tambaya gare ka, kai mai karanta wannan. A ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana raba wa jama'a nama da gado da iyakar gona, ba a taɓa kama shi da ko tsoka ɗaya ba, sai rana guda takarda ta fito daga bakin na'ura ta ce maci amana ne. Wa za ka gaskata, mutumin ko takardar? Kada ka yi saurin cewa mutumin. Mu ma nan Wudil haka za mu amsa da an tambaye mu bara. Da ranar ta zo, takardar muka gaskata.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, a farkon watan Rabi'ul Awwal, Allah Ya karɓi ran Malam Nu'uman Haruna, tsohon malamin firamare kuma magatakardan wata ƙungiyar manoma a nan Wudil, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun tsakiyar damina. Ya bar matarsa, Inna Rabi, da 'ya'ya da jikoki. An sallace shi bayan La'asar a ƙofar gidansa.

Kafin liman ya yi kabbara na duba sahu hagu da dama. Mutanen Darki sun zo. Na Lajawa sun zo, har da waɗanda suka baro aiki a gona. Daga Ɗankaza kuwa, garin da Malam ya fi daɗewa yana koyarwa, inda rabin magidanta a hannunsa suka koyi riƙe fensir, ban ga ko hula ɗaya ba. Har yau a can sun yi imani shi ya karkatar da irin shukar da aka aiko musu. Bai karkatar ba. Da wannan tabon aka rufe shi, kuma saboda tabon nake wannan rubutu.

Ni Halliru ne, mai gyaran waya da firinta a bakin tasha. Bokona bai yi nisa ba, a ƙaramar sakandare na tsaya. An san ni da kaifin baki, ban kuma zo nan in musa ba. Masu rubuta ta'aziyya sukan sassauta murya, ni ma zan gwada saboda kunyar wanda nake magana a kansa. Inda kuka ji muryar ta tashi, ku yi mini uzuri.

Malam, ranar da muka fara haɗuwa wayarka ka kawo, ba ka jin abin da ake faɗa maka a ciki. Ka tarar ina karanta yagaggiyar jaridar da aka ƙunso mini gurasa. Ka daɗe a tsaye a kaina, sannan ka ce, "Samari, labarin ya ƙare, ko mai ya cinye ƙarshensa?" Na ce mai ya cinye. Washegari sai ga ka da littafi a aljihun gaban riga. Tun daga nan ka mai da shagona aji ba tare da ka taɓa kiransa aji ba. Littafi ɗaya kake ba ni, sai na dawo da shi za ka ba ni wani. Kuma ba ka taɓa tambayata abin da na koya ba. Tambayarka kullum ɗaya ce: "Me ka ƙi yarda da shi a ciki?" In na ce duka na yarda, sai ka tura mini shi ka ce, "To ba ka karanta ba, koma." Kai ka laƙaba mini Sarkin Gardama. Duk wanda bakina ya taɓa ɓata wa rai a garin nan, to ga wanda ya wasa shi, yau yana ƙarƙashin ƙasa.

Wayar tana nan. Na ƙara mata ƙara yadda kake so, har ya zama in aka kira ka duk wanda ke tsakar gida sai ya ji. Inna Rabi takan ce na mayar mata da gida gidan rediyo. A lokacin dariya muke yi.

'Yan unguwarku kuwa da watanda suka fi saninka. Duk jajibirin Sallah in aka haɗa kai aka sayo sa daga kara, kasuwar shanu, kai ake jira. Kai ke kasa naman kashi-kashi a kan tabarma, tsoka ta bi tsoka, ƙashi ya bi ƙashi, hanta ka yanka ta ƙanana don kowane gida ya ɗanɗana. In ka gama sai ka juya wa naman baya. Wani ya ɗora sanda a kan kashi ya ce, "Na wa?" kai kuma ka kira suna ba ka ga abin da aka nuna ba. Naka shi ne wanda ya saura. Na taɓa ce maka wannan wahalar da kai ce, tunda kowa ya yarda da kai. Ka ce, "Yarda kamar randa ce, Halliru. Ba a gwada ƙwarinta da jifa."

Da ka yi ritaya manoma suka roƙe ka ka riƙe musu rubuce-rubucen ƙungiya. A ofishin akwai wata tsohuwar kwamfuta da wani mai shagon buga takardu ya bayar sadaka lokacin da zai rufe. Kai ka raɗa mata suna Gwaggo. In ka kunna ta sai ka tafi ka yi alwala ka dawo kafin ta gama farkawa, kana cewa Gwaggo ba ta son gaggawa. Tsohon zanen Inna Rabi kake lulluɓa mata saboda rufin yana yoyo. Da furfura a gemu ka koyi buga rubutu, da yatsu biyu, kana kiran kowane harafi a fili kamar ɗan aji ɗaya. Ban taɓa jin ka raina ta ba. Abin da ba ka sani ba, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya maka, shi ne manhajar lissafin da ke cikinta ta tsufa ta bar zamani, akwai abubuwan da ake ƙerawa yanzu da ba ta iya sarrafa su.

Ga yadda abin ya faru, ga wanda bai sani ba.

Daminar bara tsutsa ta faɗa wa masara da dawa a wannan yanki. Darki da Lajawa sun taɓu, amma Ɗankaza ce ta kwanta. Akwai gonakin da mai su bai ɗaure ko dami ɗaya ba. Wata ƙungiyar ba da tallafi daga birni ta ce za ta kawo iri da maganin feshi kafin damina ta gaba. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan jami'inta mai kula da yankinmu ba, za ku ji dalili a gaba. Kodineta ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ƙungiyar ta taɓa yin irin wannan rabo a shekarar da ta gabaci wannan, lokacin da ɓarnar ta fi yawa a Darki da Lajawa, Ɗankaza kuwa Allah Ya tsare ta. A wancan karon ma'aikacinsu ne ya zo da sabuwar laftof ya yi komai. A wannan karon sai Kodineta ya aiko wa Malam tsohon fayil ɗin a filash, da saƙon baki: goge sunayen waccan shekara, zuba na yanzu, shafin farko zai haɗa lissafi da kansa.

Fayil ɗin na manhajar lissafi ta Excel ne, mai shafi biyu. Na biyu dogon jeri ne: sunan manomi, mazaɓarsa, girman gonarsa, yawan ɓarna. Na farko kuma ɗan ƙaramin jadawali ne mai taƙaita wancan jerin, yana nuna kason kowace mazaɓa cikin ɗari. Masu harkar pivot table suke ce masa. Da wannan ɗan jadawalin ake yanke buhu nawa za a kai kowane gari.

Malam, ka hau tsohon babur ɗinka ka bi gona-gona. Ba ka yarda ka zauna a zauren mai unguwa a kawo maka sunaye ba, sai ka ga karan da tsutsa ta huda da idonka. Ka dawo ka zauna gaban Gwaggo makonni, a ɗauke wuta ka jira, a kawo ka ci gaba. Da ka gama ka koma shafin farko, sai ka ga kason Ɗankaza shi ne mafi ƙanƙanta. Hankalinka bai kwanta ba. Ka koma gida ka kira Kodineta a tsakar gida, da wayar nan mai ƙara, Inna Rabi tana tankaɗe a gefe, 'yarka Sakina tana wanke-wanke. Dukansu sun ji.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, na ga rabon Ɗankaza kamar bai yi daidai da abin da idona ya gani ba."

Ya ce, "Malam, aikinka sunaye ne. Lissafi na kwamfuta ne, ita kuwa ba ta da ɗan'uwa a Ɗankaza, ba ta da maƙiyi. Ka buga shafin farko, ka sa hannu da hatimi, gobe direba zai biyo ya karɓa da filash ɗin."

Ka buga. Ka sa hannu.

Gab da faɗuwar ruwa aka kai kaya filin makarantar Ɗankaza, filin da ka sha tsayawa kana duba farcen yara da safe. Gari ya fito da buhunan wofi da amalanke, kai ma kana wurin. Abin da aka sauke bai kai ya cika kusurwar aji ɗaya ba. Da hayaniya ta tashi, Kodineta ya hau benci ya ɗaga takarda sama, ya ce su ba su san kowa ba, abin da magatakardan manoma ya aiko shi suka bi, ga sa hannunsa ga hatiminsa. Sai Labaran, ɗalibinka na da, wanda yanzu yake da iyali cike da gida da rumbu fayau, ya matso gabanka ya ce, "Malam, kai ka koya mana rabawa a aji huɗu. A wane shafi ne aka ce wanda ya fi asara shi ke samun mafi ƙanƙanta?" Aka yi dariya, irin dariyar da ta fi zagi ciwo. Ka juya ka bar filin. Ka tura babur ɗinka har bakin hanya kafin ka hau.

Kafin mako ya zagayo magana ta yi rassa. Wai ka karkatar da rabon zuwa Lajawa saboda dangin Inna Rabi can suke. Wai an ga buhu a zaurenka. Ni ban ga laifin mutanen Ɗankaza ba, kuma duk wanda ya ɗauki rubutun nan ya je ya yi musu gori da shi, ba da yawuna ba. Mutumin da damina ta tsaya a kansa ba iri a hannu, aka nuna masa takarda da hatimi, me kake so ya ce? Ƙungiyar manoma ta dakatar da kai, ta karɓe mukullin ofis. A garin da gaisuwa kan tsayar da mutum har ya manta inda za shi, aka koma yi maka "sannu" a wuce. Da jajibirin Babbar Sallah ya zo, aka yi watanda a unguwarku ba a aiko kiranka ba. Kason namanka aka kawo maka gida a leda. Inna Rabi ta ce ka karɓa, ka yi godiya, ka ce a kai wa maƙwabta.

Gaskiyar ta fito ta inda ba wanda ya zata. Malama Khaulat, mai koyar da ƙididdiga a jami'ar nan tamu, ta kawo mini gyaran firinta, ta tarar ina ta sababi a kan maganar. Ta saurara, sannan ta tambaye ni ko akwai kwafin fayil ɗin, da kuma shekarun kwamfutar da aka yi aikin a kanta. Da na faɗa mata sai ta ce in kai ta wurinka. Muka same ka a zaure. Bayan gaisuwa ka miƙa mata filash ɗin da ka ajiye kwafi a ciki. Ta buɗe a laftof ɗinta, ga jadawali nan yadda ka buga shi, Ɗankaza a ƙasa. Ta danna maɓalli ɗaya, wanda ke sa jadawalin ya sake karanta jerin sunayen. Lambobin suka juya a gabanmu. Ɗankaza ta haye sama da kaso mafi tsoka.

Ta yi maka bayani a hankali, yadda kai kake yi wa yara. Ta ce irin wannan jadawali kamar madubi yake, abin da ke jerin sunaye shi yake nunawa, amma sai an ce masa ya sake dubawa. Wannan da aka aiko an ƙera shi da sabon samfurin manhajar. In aka buɗe shi a tsohon samfuri irin na Gwaggo, sai ya daina zama madubi ya koma hoto: ana ganinsa, ana buga shi, amma ba ya motsi. Duk sunayen da ka zuba suna nan cif, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Abin da ka sa wa hannu hoton rabon waccan shekara ne, shekarar da Ɗankaza ba ta yi asara ba.

Sannan ta ce, "Baba, da ka taɓa jadawalin a can ofis, wani ɗan akwati bai fito da rubutu ba?"

Ka ce, "Ya fito, 'yata. Ya ce an yi jadawalin da samfurin da ya fi wannan sabunta, ba za a iya canja shi a nan ba."

Ta ce, "To me ka fahimta?"

Ka ce, "Na ɗauka kulle ne daga sama. Na ce mutanen nan sun san aiki, sun rufe shafin rabo don kada irinmu na ƙasa mu sa hannu a haƙƙin jama'a. Har na ji daɗi."

Wannan amsar ita ce ta fi komai tsaya mini a rai. Ba Turanci ne ya gagare ka ba, kowace kalma ka karanta ta daidai. Tarbiyya ce ta fassara maka. Ka yi shekara da shekaru a aikin da in takarda ta zo daga ofishin sama an ce kada a taɓa, to ba a taɓawa, ba a kuma tambaya. Na'ura tana ce maka "na gaza", kai ka ji "an hana". Kai da ka koya mini in ƙi yarda da littafi, ka yarda da ɗan akwati saboda ka zaci muryar na gaba ce. Kuma duk da haka sai da ka ɗaga waya ka tambaya. Aka ce maka ba aikinka ba ne.

Ka daɗe kana kallon allon laftof ɗin. Abin da ka fara cewa shi ne, "Yanzu shuka ta wuce ko?" Muka ce ta wuce. Ka ce, "Ni na sa hannu."

Ka sa hannu, Malam, na ji. Amma bari in faɗi abin da kai ba za ka faɗa ba. Malama Khaulat ta je ofishin manoma ta duba Gwaggo da idonta, ta tabbatar. Ta kuma ce manhajar da ke hannun masu aikowa tana da hanyar da za ta gargaɗe su tun kafin su aika, ta nuna musu abin da ba zai yi aiki a tsohuwar na'ura ba. Suna iya ajiye fayil ɗin a tsohon tsari. Suna iya aiko shi fanko ba da lissafin wata shekara a ciki ba. Suna iya tambaya ɗaya tak: wace irin kwamfuta kuke da ita a can? Ba su yi ko ɗaya ba. Kuma filash ɗin ya koma hannunsu tare da takardar. A sanyin ofishinsu, a kan sababbin na'urorinsu, da wani ya danna maɓallin nan da Malama ta danna, da mota ta je Ɗankaza a cike. Takarda mai hatimi suka duba, domin ita ce ke nuna wanda za a kama in abu ya ɓaci.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan labarin Gwaggo ce kaɗai. Ni nake shiga ofisoshin ƙauyukan nan gyaran firinta, na san abin da ke kan teburansu. Irin Gwaggo sun fi a ƙirga. Kullum daga birni ana turo musu fayil da aka ƙera a na'urar bana, wani bawan Allah ya cika, ya buga, ya sa hannu. Wa ya san jadawali nawa ne suka daskare a hanya ba a gane ba, saboda ba a yi sa'ar tara jama'a a fili an yi abin kunya ba? Ku masu aikowa, ku tambayi na'urar da za ta karɓa. Ku masu karɓa, in akwati ya fito kada ku rufe shi, ku nemi wanda zai gaya muku abin da yake nufi, kuma in lissafi ya saɓa wa abin da idonku ya gani, ku ajiye biro. Malam ya biya kuɗin wannan darasi da sunansa, kada ya tafi a banza.

A ranar na ce zan tafi gidan rediyo. Na ce zan hau babur in je Ɗankaza da laftof ɗin Malama in danna maɓallin a gaban kowa. Ka hana ni. Ka ce, "Sarkin Gardama, zauna. In ni na je, mai laifi ne ke wanke kansa. In kai ka je, yaron mai laifi ne. Wanda ya ɗaga takardar nan a kan benci, shi zai sauke ta. Kada ka kira sunansa a bainar jama'a, ka bar masa ƙofar da zai fito da mutuncinsa." Na ce shi ya bar maka taka? Ka ce, "Ba shi ya yi tarbiyyata ba."

Malama Khaulat ta tura wa Kodineta cikakken bayani. Kai ma ka kira shi. Da farko ya ce za a duba. Daga baya ya ce matsalar na'ura ce, kuma ba a son maganar da za ta tayar da hankalin masu ba da tallafi. Daga nan ya daina ɗauka. Wayar da na ƙara wa ƙara ta koma ƙarƙashin matashinka. Sakina ta ce ko lambar kuskure ce ta shigo sai ka yunƙura.

Ana cikin haka hawan jini ya kayar da kai, ɓarin jiki ya shanye. Ban ce jadawali ne ya kashe ka ba. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, kuma na san da za ka ji na faɗi akasin haka da ka ɓata mini rai. Amma ina da ido. Na ga mutumin da ke zagaye mazaɓa uku a babur ya koma ba ya son zama a ƙofar gida.

Zuwana na ƙarshe na mayar maka da littafin da ke hannuna. Bakinka ya karkace, magana sai da ƙyar, amma da ka ga littafin sai ka yi ƙoƙari. Na kai kunnena. Ka ce, "Me ka ƙi yarda da shi?" Na ce, "Littafin ba laifi, Malam. Shirunka ne ban yarda da shi ba." Rabin fuskarka da ke motsi ya yi murmushi. Ba ka ce na yi daidai ba, ba ka kuma ce in koma ba.

Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarka na yi kiciɓis da Labaran a kasuwa. Na tare shi na zayyana masa komai, madubi da hoto da maɓalli. Ya saurare ni har ƙarshe, ba ya cikin fushi, ya gaji ne kawai. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa, malamina ne. Amma Halliru, kai yaronsa ne, dole ka faɗi haka. Mu takarda muka gani." A nan na gane ka fi ni gaskiya. Bakina, duk kaifinsa, ba zai sauke takardar nan ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nu'uman. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa makwanci. Kai ne Mai lissafin da ba ya tsufa, babu abin da ke daskarewa a wurinKa. Ka auna masa kowane harafi da ya koyar, kowace gona da ya taka, kowane kashin nama da ya juya wa baya, Ka sanya haƙurin watanninsa na ƙarshe ya zama kaffara, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Inna Rabi, Allah Ya ba ki haƙuri da dangana, Ya saka miki da jinyar da kika yi. Sakina da 'yan'uwanki da jikoki, Allah Ya albarkaci bayansa, ku ɗaga kai, mahaifinku bai ci haƙƙin kowa ba. Mutanen Ɗankaza, ku ma ina yi muku ta'aziyya, ko ba ku karɓa yau ba, domin malaminku ne ya rasu. Allah Ya mayar muku da abin da kuka rasa, Ya ba ku damina mai albarka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Saura kai, Kodineta. Ban kira sunanka ba, ban kira na ƙungiyarku ba. Alkawari na ɗaukar wa wanda ka bari a rana, shi ya roƙa maka wannan sutura, kuma ya mutu yana jiran wayarka. Ƙofar da ya ce a bar maka tana nan a buɗe. Ba a ofis za ka amsa ba, ba a waya ba, ba ta bakin direba ba. Ka zo filin makarantar Ɗankaza ranar da jama'a za su iya taruwa, bencin yana nan. Ka hau, Labaran yana gabanka, Inna Rabi tana ji, ka amsa mana. Malam Nu'uman ya kira ka ya ce rabon Ɗankaza bai yi daidai ba, ko bai kira ba? Me ka ce masa? Da bayanin Malama Khaulat ya iso hannunka ka ga gaskiya, me ya hana ka dawowa? Kai ka ɗaga takardar. Zo ka sauke ta.